Neman kalma: "auren dole" ko wani suna?

Malamar fassara, Gombe: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai ga ƙungiyoyin mata kan laifukan cin zarafin bil'adama. A ciki akwai laifin da mayaƙa ke sace mace su ce daga yau ta zama matar wane. An fassara shi da "auren dole". Barista, ya zauna kuwa?

Barista, Bauchi: Wa'alaikumus salam, Malama. Bai zauna ba. In Bahaushe ya ji auren dole, abin da ke zuwa masa shi ne uba ya aurar da 'yarsa ga wanda ba ta so, da waliyyi da sadaki da shaidu. Wannan maganar kotunanmu na gida ce. Sashe na 7 na Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Heg, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001, ya sharɗanta cewa kafin aiki ya zama laifin cin zarafin bil'adama sai ya zo cikin harin da ake kai wa fararen hula, mai yawa ko mai tsari, kuma mai laifin ya san da harin. A rubuta "auren dole", magidanci a Dukku ko Bajoga zai ɗauka kotun Heg ce za ta kama iyaye, ya hana matarsa zuwa taron.

Malamin fiƙihu, Gombe: Ni kalmar aure ɗin ce ma ba na so, Barista. Babu waliyyi, babu yarda, sai bindiga. Kiransa aure ɗaukaka shi ne. Me zai hana a ce "bautar da mata"?

Barista: Allah ya gafarta Malam, wannan gardamar ce aka yi a kotun musamman ta Saliyo. A 2007 mafi rinjayen alƙalai suka ce laifin ya shige cikin bautarwa ta jima'i. Mai shari'a Teresa Doherty ta saɓa musu, a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar laifi ne mai zaman kansa. Bautarwa hujjarta ita ce an riƙe mutum kamar kayan mallaka. Wannan kuwa cutarsa ita ce ɗora wa mace matsayin matar aure: ta keɓanta ga namiji guda, ta yi girki da wanki, ta haihu, in ta ƙi a hukunta ta. An ƙwace mata zaɓin miji, kuma ko ta kuɓuta sunan yana bin ta da 'ya'yanta har gida. A kan haka Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta kama Dominic Ongwen, wani kwamandan 'yan tawayen Yuganda, da wannan laifi a 2021, haɗe da wasu, ta ɗaure shi shekara 25. In muka cire aure daga kalmar, mun cire ainihin cutar.

Hajiya, mai ɗaukar bayanan waɗanda suka kuɓuta: Wurin rubuta bayani ake yin ɓarna. Mace za ta ce "ya aure ni", mai rubutu ya sa "an yi aure" ya wuce, shi ke nan shaida ta lalace. Dole a tambaya: wa ya ba da ke, me aka ce zai same ki in kin ƙi, an hana ki fita, an raba wasu matan haka a gabanki? Tambayar ƙarshen ce ke nuna tsari ne. Kuma mace ta yi tambayar, a keɓe. Ina ganin mu ce "ƙaƙaba aure". "An ƙaƙaba mata aure" ya mayar da aikin kan mai shi, ita ba ta ɗauki komai ba.

Malamin fiƙihu: Na yarda, Hajiya, in za a bayyana a farkon takardar cewa ba aure ba ne a shari'a. A ƙara "a lokacin yaƙi".

Barista: Bayanin ya dace, amma kar a sa yaƙi, Malam. Wannan rukunin laifuka ba ya buƙatar yaƙi, harin fararen hula ya isa. Kuma maganar tana gabanmu: a Disamba 2020 Fatou Bensouda, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun Heg a lokacin, ta lissafa shi cikin laifukan da ake da dalilin zargin Boko Haram da su. Daftarin 2019 na sabuwar yarjejeniyar duniya kan laifukan cin zarafin bil'adama bai ambace shi da suna ba, har yanzu yana ƙarƙashin "sauran ayyukan rashin imani". Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa taron tattaunawa kan daftarin a 2028 da 2029, kuma ƙungiyoyin mata na neman a rubuta shi ƙarara.

Malamar fassara: To, "ƙaƙaba aure" za a sa, da bayanin Malam a shafin farko. Saura sashe na 7(1)(h), tsangwama saboda jinsi. Hajiya, "tsangwama" ko "muzgunawa"?