Ruwan matsar zaitun yana sa gona ta riƙe ruwa kuwa?

Ɗan Tawa: Salamu alaikum. Ƙanena yana aiki a Safakis can Tunisiya, ya ce lokacin sanyi motocin tanki na kwasar baƙin ruwan da ke fita wajen matsar man zaitun suna watsawa a gonaki, wai ƙasa tana ƙara riƙe laima. Dan Allah masana gaskiya ne? Jigawarmu ta nan Tawa ko an yi ruwa da dare kafin azahar ta bushe ƙayau.

Malam na Yamai: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne amma da sharaɗi. Ruwan nan marjin suke ce mishi, cike yake da ɗanyen taki da fotasiyam, in ya ruɓe cikin rairayi sai ya haɗe ƙwayoyin ƙasar su dunƙule, ruwa ya samu wurin maƙalewa maimakon ya zurare ƙasa. Matsalar akwai sauran mai cikinshi, ga tsami ga gishiri, in aka zuba da yawa ko aka zuba lokacin zafi ƙasa a bushe sai man ya lulluɓe rairayin, ka zuba ruwa ka ga ya tsaya bisa ƙasa dunƙule-dunƙule kamar a bayan agwagwa, ya ƙi shiga sai ya gangare. Shi ya sa Italiya ta yi doka a 1996, mita kubik 50 kowace hekta a shekara in matsar gargajiya ce, 80 in ta injin zamani ce. 50 ɗin nan lita 5 ke nan kacal a mita ɗaya murabba'i.

Hajiya mai garka: Malam to ba ya ƙone shuka?

Malam na Yamai: Yana ƙonewa Hajiya, akwai sinadarin fenol da ke hana iri tsira, dole a watsa shi tun da sauran lokaci kafin shuka a kuma juya ƙasar. Manyan itatuwan zaitun sun fi jure shi.

Manomin Galmi: Ni gishirin nan ne ya tsaya mini a rai wallahi. Can da sanyi ake musu ruwan sama yana wanke musu, mu ko da sanyi ɗigo ba ya sauka, kuma duk mai noman albasa ya san yadda fadama ke yi in kanwa ta taso mata fari fat. Ɗan Tawa ka haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, ka zuba takin dabbobi, ka bar karan hatsi kwance a gonar bana kar ka kwashe duka.