Tallafin gidauniyoyin waje: ya gyara jami'o'inmu ko ya sangarta gwamnati?

Malam Habu: Salamu alaikum. Ina nan kan bakana, kuɗin da gidauniyoyin Amurka suka zuba a jami'o'in Afirka cutarwarsa ta fi amfaninsa. A 2000 Carnegie da Ford da MacArthur da Rockefeller suka haɗa kai, daga baya Hewlett da Mellon da Kresge suka shigo. Zuwa 2010 sun kashe dala miliyan 440 a ƙasashe tara, har da Najeriya, sannan suka rufe shirin. To ina gyaran? A 2022 wata takwas 'ya'yanmu suka yi a gida saboda yajin aikin ASUU. Gwamnati ce ta samu masu ɗauke mata nauyi, ta miƙe ƙafa.

Dakta Ladi: Wa alaikumus salam. Malam, mu yi lissafin tare. Raba kuɗin nan gida tara, ka sake raba shi shekara goma, bai kai dala miliyan 5 a shekara ga kowace ƙasa ba. Ko albashin ma'aikatan ABU kaɗai ba zai biya ba. Wane nauyi ya ɗauke wa gwamnati? Tun zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihun gwamnati, a 1986 jami'o'i suka shiga wahala, lokacin da Bankin Duniya ke matsa wa ƙasashenmu su karkata kuɗin ilimi zuwa firamare. Dakunan karatu suka daina sayen mujallun bincike, manyan malamai suka fice waje. A haka gidauniyoyin suka same mu.

Injiniya Musa: Ni ɗalibi ne a farkon shekarun 2000. Za ka biya kuɗin awa ɗaya a shagon intanet, awar ta ƙare takardar bincike guda ba ta gama sauka ba, mai shago yana tsaye a kanka yana duba agogo. Shirin da Malam ke suka shi ya haɗa jami'o'i suka riƙa sayen intanet ta tauraron ɗan adam a dunƙule, farashi ya faɗi ƙwarai. Wanda ya rubuta digiri na biyu kafin nan da wanda ya rubuta bayan nan ba wahala ɗaya suka sha ba.

Hajiya Binta: Ƙanina, gaskiya ka faɗa, amma ni ma bari na faɗi abin da idona ya gani. A ɗakin gwajin da na yi aiki akwai wata na'ura da aka saya da kuɗin tallafi. Ranar da ta iso har walima aka yi. Da wa'adin tallafin ya ƙare sai sinadaran da take aiki da su suka ƙare, wani ƙaramin sashe ya ƙone, kuma ba a ware ko sisi a kasafin jami'a don gyaranta ba. Yanzu tana lulluɓe da leda, ƙura ta yi mata kauri, ɗalibai suna kai samfurinsu wani gari suna biya. Abin yana ci mini rai har yau. Sannan akwai maganar me za a bincika. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ga malamin da zuciyarsa ke kan cutar da ke kashe awakin ƙauyensu, amma ya juya takardar neman tallafi zuwa abin da masu kuɗin ke son ji.

Baba Alhaji: Yara, abin ya girmi 2000. Kwamitin Ashby da aka kafa a 1959 don tsara ilimi mai zurfi a Najeriya, Carnegie ce ta ɗauki nauyinsa. Rahotonsa ya fito a 1960, ya ba da shawarar jami'a a Arewa, aka buɗe ABU a 1962. IITA, cibiyar binciken noma ta Ibadan, ma Ford da Rockefeller suka kafa ta a 1967.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma, ai hujjata ka ƙarfafa. Tun ranar gini hannunsu ke cikin tsarin.

Baba Alhaji: Hannunsu na ciki, amma Sardauna ne ya tsaya aka gina ta, da kuɗin gwamnatin Arewa. Ba wanda ya sangarce a lokacin.

Dakta Ladi: Yaya Binta, na'urarku laifin wa ne? Wanda ya saya, ko majalisar jami'ar da ta karɓa ba ta tanadi kuɗin gyara ba? Dubi Cibiyar Noman Tsandauri ta BUK. Da tallafin MacArthur aka kafa ta a 2012, ba ta mutu da ƙarewarsa ba, ta shiga gasa ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa, ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta suna zuwa. Binciken kuma kan amfanin gonar ƙasa mai ƙarancin ruwa ne, damuwar manominmu.

Malam Habu: Daga MacArthur zuwa Bankin Duniya. Har yanzu dai hannu a miƙe yake, Dakta. Ni abin da nake girmamawa TETFund ne, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati da ya samo asali daga harajin ilimi. ASUU ce ta yi gwagwarmaya a 1992, aka yi dokar harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, aka ɗaga shi zuwa kashi 3 a 2023. Zagaya kowace jami'ar gwamnati ka karanta allunan jikin gine-gine. Kuɗinmu ne, ba mai rufe shi don kwamitin amintattu a New York ya sauya ra'ayi.

Injiniya Musa: Attajiranmu fa? Dangote ya gina makarantar kasuwanci a BUK da ɗakunan kwanan ɗalibai a ABU, gidauniyar Abdul Samad Rabiu ta ba ABU naira biliyan 1 a 2021.

Hajiya Binta: Allah ya saka musu da alheri. Amma yawanci gini ne. Wa zai ɗauki nauyin matashin malami shekara huɗu ya yi digiri na uku, ya saya masa sinadarai, ba tare da an liƙa allo da sunan kowa ba? A nan gidauniyoyin waje suka fi mu, ko da ina da ƙorafi a kansu.

Malam Habu: TETFund na tura malamai karatu, Hajiya.

Dakta Ladi: Tana turawa, Malam, ba musu. Amma malamin ya dawo ya tarar da na'urar Yaya Binta a cikin leda. Ni dai a taron majalisar tsangayarmu mai zuwa zan nemi kada a sake sa hannu kan wata kyautar kayan aiki sai an rubuta kuɗin gyaranta na shekara biyar a kasafin jami'a, daga waje ta zo ko daga gida.