Hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa a jikin mutum ɗaya: da wane magani za a fara?

Jami'in lafiya, Jega:
Assalamu alaikum. Likitoci da masu harhaɗa magani, a taimaka. Magidanci ne ɗan shekara 58, manomin shinkafa. Awon jininsa 164/98 a zuwa biyu, sugansa na safe kafin karin kumallo 9.4 a ma'aunin milimol, shi ma an maimaita. Gwiwa na damunsa, kusan kullum sai ya sayi daikulofinak a kyamis. A ma'ajiyarmu akwai amlodifin, lisinofiril da Moduretic na hawan jini, sai metfomin da Daonil na suga. Wanne ya dace, kuma nawa?

Likita, Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ka raba shi da daikulofinak. Shi da danginsa irin su Feldene suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, jinin da ke shiga ƙoda ya ragu. Gwiwar a ba ta farasitamol giram 1, sau uku a rana idan ta matsa, ko maganin shafawa.

Fara da amlodifin miligiram 5 sau ɗaya a rana. A jikin baƙar fata ya fi lisinofiril sauke jini idan kowanne shi kaɗai aka bayar. Amma tunda awon ya haura 160, da wuya ƙwaya ɗaya ta isa. A tsoma takardar awo a fitsarinsa, a auna kiriyatinin (dattin jini da ke nuna yadda ƙoda ke aiki) da sinadarin fotasiyam a jini. Idan furotin na zuba a fitsari, lisinofiril ya zama dole, domin yana kare ƙodar mai suga: miligiram 5, daga baya 10. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da fara shi a sake awon kiriyatinin da fotasiyam. Kiriyatinin ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari, a dakata da lisinofiril. Busasshen tari ya dame shi, a koma losatan miligiram 50, kada a haɗa su biyun. Leɓe ko harshe ya kumbura kuwa, a tsayar nan take a kai shi asibiti. Inda ake son zuwa shi ne ƙasa da 130/80.

Mai harhaɗa magani, Birnin Kebbi:
Na goyi bayan Likita. Moduretic ya zauna a inda yake tukuna: amiloraid ɗin da ke cikinsa na riƙe fotasiyam, lisinofiril ma haka, haɗuwarsu na iya rikita bugun zuciya.

Ga suga, metfomin miligiram 500 tare da tuwon dare, bayan mako a ƙara na safe, a bi a hankali har zuwa 2,000 a rana idan da buƙata. Masu cewa yana murɗa musu ciki da zawo, yawanci da babban awo aka fara musu ko sun sha da ciki wayam. Ƙarfin tacewar ƙoda a sakamakon awo ya yi ƙasa da 45, kada a wuce 1,000 a rana. Ƙasa da 30, a bar shi.

Daonil ne ba na so ga manomin da zai wuni a fadama bai ci komai ba. Suga na faɗuwa: gumi, karkarwa, jiri, har suma. Haka ma lokacin azumi. A kuma faɗa masa da baki: ranar da amai da gudawa suka kama shi, musamman a zafin Afrilu, ya ajiye metfomin da lisinofiril har sai ya koma ci da sha. A tambaye shi ko yana shan sha-ka-fashe, don shi ma yana ɗaga suga da jini.

Malamar jinya, Kaura Namoda:
Malam, ka sa ido a ƙafarsa. Amlodifin na kumbura idon sawu, an fi gani a miligiram 10. Ba ruwa ne ya cika jiki ba, Lasix, maganin sa fitsari, ba zai sauke shi ba. Rage awo ne magani. Da mace ce mai shekarun haihuwa, babu lisinofiril babu losatan, suna illata ɗan tayi. Mai ciki Aldomet ko nifedifin ake ba ta. Sannan a yi magana da uwargidansa kan gishiri da dunƙulen miya, ita ke riƙe da tukunya.

Jami'in lafiya, Jega:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sai dai ba ma awon ƙoda a nan.

Likita, Gusau:
Amlodifin ba ya jiran awon, ba shi yau. Lisinofiril da metfomin su jira sakamako daga babban asibiti, ka rubuta masa takarda ya je cikin makon nan. Ya dawo bayan mako huɗu da kwalayen duk abin da yake sha, har na gargajiya.