Lambar ADC ta hau a tsakiyar gashi: wa ya taɓa ganin haka?

Daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu ake yi wa gashi, wato ƙona ƙwayoyin daji da hasken na'ura (radiotherapy), saboda ciwon daji na bayan hanci, ya sauko har kaluluwar wuya. An ɗauki hoton MRI kafin a fara, aka sake da aka yi nisa. A takardar akwai wata lamba, ADC, wadda aka ce motsin ruwa a cikin tsoka take nunawa, ta ɗan hau. Ƙanena har ya kira gida ya yi albishir, amma likita ya ce kada mu ɗora komai a kanta tukuna. Don Allah wanda ya san wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani.

Daga Makka:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni kaina aka yi wa, a maƙogwaro. Ɗiyata, ba ƙarar injin ce ta fi wahalar da ni ba. A ce kada ka haɗiyi yawu alhali maƙogwaronka ya zama gyambo, ga robar da aka ɗumama aka danna ta ɗauki siffar fuskarka, an maƙale ta da gado. Wata rana tari ya ƙwace min, mai ɗaukar hoton ya shigo ya ce sai an sake wannan ɓangaren. Daga baya na rame, robar ta yi min yawa, aka auna min wata. Ku riƙa lallaɓa Baba ya ci, ko kunu ne.

Daga Riyad:
Aikina ke nan, ɗaukar MRI, kuma gaskiyar likitan ne. Wannan hoto motsin ruwa yake aunawa a cikin tsoka, ba ya ma buƙatar allura. Inda ƙwayoyin daji suka cushe, ruwa ba ya samun hanya, kamar mutum a cunkoson ɗawafi, sai lambar ta yi ƙasa. In gashi ya fara kashe su, wuri ya buɗe, sai ta hau. Don haka ƙanenki bai yi kuskuren fahimta ba.

Matsalar ita ce kai da wuya wuri ne mai wuyar sha'ani. Iskar da ke cikin kogon hanci da maƙogwaro tana karkatar da hoton, ga numfashi, ga haɗiya. Ki ɗauki mutum ɗaya yau, ki sake gobe ba tare da an yi masa komai ba, lambar ba za ta zo daidai wa daida ba. Ƙari ko kaluluwar in ƙarami ne, bambancin ya fi yawa, kuma inda likita ya zana iyakarsa ma yana canza ta. Kumburin da gashin ke kawowa shi ma yana taɓa ta. Gashin da aka saba zama 35 ne cikin mako 7, Lahadi zuwa Alhamis a nan, kuma ban taɓa ganin an rage ko ɗaya saboda wannan lamba kaɗai ba.

Daga Madina:
Mu sauya asibiti ne ya cuce mu. Maigidana ya yi hoton farko a wani wuri, na biyu a wani. Likita ya ce injin ba iri ɗaya ba ne, ƙarfin maganaɗisun ɗaya Tesla 1.5 ne, na ɗayan 3, tsarin ɗauka ma daban, ba zai gwada lambobin da juna ba. Ba wanda ya faɗa mana tun farko, kuma abin ya yi min ciwo sosai. Malam na Riyad, maigidan nawa yana da haƙorin Makka, ko yana da hannu a ciki?

Daga Riyad:
Hajiya, ya danganta da ƙarfen. Zinariya zalla ba ta cika ɓata hoto ba, amma wasu gaurayen ƙarafa suna baƙanta duk abin da ke kusa da baki. Ku faɗa wa mai ɗauka kafin ya kwanta, kuma ku nemi a ba ku hoton farko a faifai, ba takardar sakamako kawai ba.