Dokumentari kan cutar ƙin cin abinci: 'yan shekara nawa ya kamata su kalla?

Mai_Kamara:

Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina ajin ƙarshe a sashen aikin jarida, furojek ɗina dokumentari ne na kamar minti 25 a kan cututtukan cin abinci irin waɗanda tushensu a ƙwaƙwalwa yake, wato anoreksiya (ƙin cin abinci don tsoron ƙiba) da bulimiya (a ci da yawa sannan a jawo amai) da kuma wadda mutum zai yi ta ɗura abinci ya kasa tsayawa daga baya ya zauna yana jin haushin kansa. Na samu mata biyu da suka yarda su yi magana, ɗaya ta ce sai dai a rufe fuskarta a canza murya, sannan akwai likitan ƙwaƙwalwa da ya ce zai ba ni lokaci. To sufabaiza ya ce kafin in taɓa kamara in rubuto masa su waye nake yi wa fim ɗin, da shekarunsu. Ni a raina 'yan 12 zuwa 18 ne tunda abin lokacin balaga ya fi farawa, niyyata ma in zaga da shi makarantun kwana na 'yan mata in kuma ɗora a YouTube. Amma yayata ta ce wlh ba za ta bari 'yarta mai shekara 12 ta kalli irin wannan ba, wai koya mata zan yi. Yanzu kaina ya ɗaure. Waɗanda suka san harkar me kuke gani?

Ɗan_Kurmi:

Malama ba raini ba, amma a ƙasar da ake kwantar da yara saboda tamowa a Katsina da Zamfara da Borno wa zai ƙi cin abinci da gangan? Wannan ai ciwon Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi. Ki yi a kan tsadar masara kawai kowa zai kalla, babu ruwanki da lissafin shekaru.

Anti_Nas:

Ɗan_Kurmi tamowa gaskiya ce kuma babu mai musu, amma kasancewar wani ciwo ya fi yawa bai hana wani wanzuwa ba. Kawai namu ba da sunansa yake zuwa asibiti ba. Za a kawo yarinya a ce olsa ce, ko taifot ɗin da ya ƙi jin magani, ko a ce aljanu ne suka hana ta ci an yi ruƙiyya an gaji, wata kuma kullum tana cikin azumin nafila, na Litinin da Alhamis ya koma kusan kullum kuma uwar tana murna 'yarta ta zama ustaziya, sai al'ada ta ɗauke gashi ya fara zuba tana jin sanyi cikin zafin Afrilu sannan hankali ya tashi. Mai bulimiya ma ba lallai ki ga ta rame ba, jikinta daidai, sai dai haƙora su fara lalacewa saboda yawan amai, kumatu su ɗan kumbura, sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa a jini, kuma wannan shi ne yake iya birkita bugun zuciya. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, ba wasa ba ne.

Zancen ciwon Turawa kuma, akwai binciken da Anne Becker ta jami'ar Harvard ta yi a Fiji. Mutanen can kamar mu suke, mace mai jiki ita ce mai kyau, idan kika rame tambayarki za a yi ko lafiya. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga, a lokacin cikin 'yan matan sakandaren da aka tambaya babu wadda ta ce tana jawo amai don rage ƙiba, zuwa 1998 wajen kashi 11 cikin ɗari sun ce suna yi. Shekara uku kacal, kuma talabijin ne ba wayar da ke ƙarƙashin filo ba. To mu yanzu da TikTok da Instagram da masu tallan shayin rage tumbi fa?

Ƙanwata Mai_Kamara, dawo kan tambayarki. Yayarki tana da gaskiya fiye da yadda kike zato. Wannan ciwon yana da gasa a cikinsa, mai shi idan ta ga wadda ta fi ta ramewa ba tsoro take ji ba, ji take ita ce ba ta yi ƙoƙari ba. Kin nuna sikeli kin faɗi kilo nawa baiwar Allah ta koma don ki tsorata mutane, ita kuma wadda ke zaune a layin baya ta riƙe lambar nan a ka ta mayar da ita abin da za ta cimma. Shi ya sa ƙungiyoyin da ke taimakon masu wannan ciwon irin su Beat ta Ingila suke roƙon 'yan jarida kada su sa nauyi ko adadin kalori, kada su sa hoton da da na yanzu, kada su bayyana dabarun da mutum ya bi wajen ɓoye abin. Ko fim ɗin To the Bone da Netflix ta saki a 2017 an yi ta surutu a kansa saboda irin wannan fargabar duk da cewa niyyar masu shi wayar da kai ce. Ni dai a ganina 15 zuwa sama, shi ma da sharaɗin kin cire waɗancan abubuwan. 'Yar 12 da 'yar 17 ba abu ɗaya suke gani ba ko da allo ɗaya suke kallo.

Edita_Zoo_Road:

Anti ta gama magana ta ɓangaren lafiya, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Abu biyu kike haɗawa Malama: waɗanda kike YI WA fim ɗin da waɗanda aka YARDA su kalla. Na farko ke za ki zaɓa, na biyu abin da ya fito a allo ne zai yanke, ba sunan maudu'in ba. Hukumar tace finafinai ta ƙasa NFVCB tana da matakan da take ware masu kallo da su, wato G, PG, 12, 12A, 15, 18 da RE, kuma abin da suke dubawa shi ne me aka nuna, yaya aka nuna shi, yaro zai iya kwaikwaya ko a'a. Labari ɗaya zan iya yanka miki shi ya zama 12 in kuma yanka shi ya zama 18. Idan a Kano za ki riƙa haskawa a bainar jama'a ki leƙa hukumar tace finafinai ta jiha ki ji ƙa'idarsu tun da wuri kada ki gama wahala a tsayar da ke.

YouTube kuma ki sani tun Afrilun 2023 suka tsaurara doka a kan wannan batun, bidiyon da ya nuna abin da za a iya kwaikwaya suna iya sauke shi, wanda kuma aka yi shi don ilimi ko labarin warkewa amma da irin bayanan nan a ciki suna iya kulle shi sai ɗan 18 zuwa sama. Kinga kenan idan kika cika shi da bayanin yadda ake yi, yaran da kike nema ma ba za su gan shi ba, ko kuma su gani da akawun ɗin yayyensu babu kowa a kusa, wanda ya fi muni.

Shawarata ki ɗauka sau ɗaya ki yanka biyu. Dogon na manya, gajere kamar minti 8 zuwa 10 na ɗalibai. Kuma tun wajen hira ki gyara tambayoyinki, kada ki ce "ya kike yi", ki ce "ya kike ji" da "wa ya fara lura" da "me ya taimaka miki", don abin da ba ki ɗauka ba ba zai ba ki wahala a teburin editin ba, na san halinmu idan magana ta yi zafi ta yi daɗi hannu baya son yanke ta. Kada kamara ta tsaya a kan wuyan hannu ko ƙashin wuya, ki tsaya a fuska, wadda ta rufe fuska kuma ki ɗauki bayanta ko tagar ɗakin. Sannan ki kula, rufe fuska kaɗai baya ɓoye mutum a garinmu, labulen falo ko zoben hannu ko lallen ƙafa ya isa 'yan unguwa su ce ai wance ce. In akwai wadda ba ta kai 18 ba a cikinsu sai da sa hannun iyaye a rubuce.

Malama_Hostel:

Ni matron ce a makarantar kwana ta 'yan mata kuma zan faɗa miki gaskiya 'yata, idan kika zo min da fim ki ce in tara 'yan JS1 zuwa SS3 a hol ɗaya in kunna ba zan yarda ba. Ba don fim ɗin ba shi da kyau ba. Ke za ki naɗe wayoyinki ki tafi, ni za a bari da su. Kafin a kashe fitila an riga an raɗa wa duk wata siririya suna, an fara leƙa kwanon kowa a dainin, wadda kuma da gaske take fama za ta ƙara ɓuya. Hol mai ɗaruruwan yara babu mai iya ɗaga hannu ta ce ni ce.

Ni da za ki ji tawa, masu kallonki na farko ba yaran ba ne, mu ne. Iyaye mata, matron, malaman gaidans, masu rabon abinci, har malaman Islamiyya tunda wajensu ake fara kai yarinya idan an ce iska ce. Mu ne muke ganin wadda kullum take ba ƙawarta rabonta ta ce ta ƙoshi, mu ne kuma da bakinmu muke cewa "ke wannan ƙiba wa zai aure ki" ko "ji ki kamar sandar rake", muna ganin wasa ne. Ki fara da taron PTA. Bayan nan 'yan SS, aji aji, da malama a ciki da lokacin tambaya, a kuma ba su takarda su rubuta tambaya ba suna. Ƙananan kuwa wani abu daban suke buƙata, hira a kan canjin jiki lokacin balaga da daina tsokanar juna, ba sai an kira sunan wata cuta ba ma.

Kuma kada ki kuskura ki haska shi ba tare da kin faɗi inda za a je ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki tayar wa uwa da hankali ki bar ta ba adireshi, wajen mai magani a bakin tasha za ta ƙare.

Hadiza_Damagaram:

Gaisuwa daga Zinder. Ni abin da ban ji kun taɓo ba shi ne ɗaya gefen, mu nan 'yan mata da yawa ba rama suke nema ba ƙiba suke nema, musamman in biki ya matso. Sha ka fashe ɗin nan da ake saya a kemis ko wajen masu tallan magani a tire. In fim ɗin bai taɓa wannan ba mutanenmu za su ce ba da su ake ba. Kuma samari fa? su ma akwai masu wahala da jikinsu.

Anti_Nas:

Hadiza kin kawo magana. Yawanci abin da ke ciki siproheptadin ne, maganin alaji mai buɗe ciki da sa barci, ko deksametazon wanda shi sitiroyid ne, yana kumbura fuska ya tara ruwa a jiki mutum ya zata ƙiba ce, alhali yana jawo hawan jini da suga da raunin ƙashi, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a so ta daina dare ɗaya sai da likita. A likitance ba a lissafa shi cikin anoreksiya ko bulimiya, amma damuwar ɗaya ce, yarinya ta tsani jikin da take ciki saboda bakin mutane. Sai dai nan ma doka ɗaya, kada a nuna kwalin kada a faɗi sunan a gajeren na ɗalibai, in ba haka ba talla kika yi musu kyauta. Maza kuma eh suna yi, sun ma fi ɓoyewa tunda ana ganin ciwon mata ne.

Ɗan_Kurmi:

To na ji, na sha ka fashe kam na san shi, har a layinmu ana sayarwa. Amma har yanzu ina ganin minti 25 ya yi yawa, mutanenmu data suke lissafi.

Mai_Kamara:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Anti da Malama musamman. Abin da zan rubuta wa sufabaiza: dogon na iyaye da malamai ne da duk wanda ya kai 18, gajeren na 'yan SS 15 zuwa sama a aji da malama, 'yan ƙasa da haka na cire su gaba ɗaya. YouTube dogon kawai zan ɗora. Matsalar da ta rage ita ce ɗaya daga cikin matan ta riga ta turo min tsofaffin hotunanta na lokacin da ta rame sosai kuma ita da kanta take so a sa, ta ce in ba a gani ba ba za a yarda ta yi ciwo ba. Yaya Edita ya ake gaya wa mutum ba za a sa ba ba tare da ta ji an raina wahalarta ba? jibi ne za mu haɗu.