Kafin majalisa ta sa kwamfuta a asibitocinmu

Mun zauna da wasu ma'aikatan lafiya a Katsina kan batun mayar da katin marasa lafiya cikin kwamfuta, da abin da ya kamata 'yan Majalisar Dokoki ta Jiha su duba idan maganar ta zo gabansu.

Wuta aka fi jaddadawa. Asibitin ƙauye da ba shi da sola, kwamfutarsa ado ce kawai, don haka a sa kuɗin wuta da gyara cikin kasafi tun farko. Manhajar kuma ta iya aiki ko babu intanet. Ba a manta 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama saboda 'yan bindiga.

Maganar sirri ce ta fi taɓa ni. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, amma mai juna biyu a Daura na buƙatar sanin wa ke iya buɗe sakamakon gwajinta. A rubuta wannan ƙarara, tare da hukuncin wanda ya fallasa.

Wata unguwarzoma ta roƙi a horar da su da Hausa, kuma kada a jefar da rajistar takarda sai sabon tsarin ya zauna.