Neman shawara: baffa ya ce daga Barno muka zo, gwaggo ta ce daga Daura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu manoma ne daga wani ƙauye a ƙasar Mirya, ni aiki ne ya zaunar da ni nan Damagaram. Ina so in rubuta asalin gidanmu tun tsofaffi na da rai, sai dai zancen ya rabu biyu. Baffana ya ce kakan kakanmu Babarbare ne, ya biyo fatake zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, shi ya sari dajin da ya zama gandunmu. Gwaggona kuwa, wadda ta girme shi, ta ce daga wajen Daura aka taso lokacin yunwar Kakalaba, aka ba su aron gona. Takarda ba mu da ita sai ta haihuwar babana, ita ma "wajajen 1950" aka rubuta. Maganar wa zan kama, kuma ta ina zan faro?

Malamin lakwal mai ritaya, Matamaye:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka yi saurin ƙaryata ɗaya. Tanimun ya rasu a 1884, Kakalaba kuma 1913 zuwa 1914 aka yi ta, ka ga tsakani ya kai shekara talatin, wato uba da ɗa. Sau da yawa namiji dangin uba yake lissafawa, mace kuma labarin da ta ji a ɗakin uwarta take bayarwa. Tambayi gwaggo, waɗanda suka taso daga Daura ɗin su wa suka haifa? Ƙila dangin kakarku mace ne.

Kuma bar tambayar tsoho shekara, da abin da ya faru yake auna zamani. Ka ce masa, wane ya ga zuwan Nasara? A 1899 ne Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. An yi masa aure kafin a ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926? Na baya-bayan nan ka auna su da farin 1973 da yunwar El Buhari ta 1984. Ka ɗauki muryarsu a salula, kowa shi kaɗai. In ka haɗa su zama ɗaya, ƙarami zai yi shiru don kunyar babba, ka tashi da rabin zance.

Hajiya daga Zango:
Malam ya yi gaskiya. Amma in kai ka je wa gwaggo da biro da takarda, sunaye za su gagare ka. Tsohuwa ba ta kama sunan miji ko na suruki ko na ɗan fari, sai "mai gidan nan" da "wancan yaron". Ka tura ƙanwarka ko wata jika da suke wasa, ta zauna da ita bayan isha. Sannan ka dubi fuskokin tsofaffinku. Askar Barebari daban, ta Daurawa daban. Gidan wanzamanku na gado sun san askar da ake yi wa kowane gida, ko an daina yanzu.

Ɗan Magariya:
Ni dai in ce ka yi a hankali. Da yawan tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Kalmar aro da gwaggo ta faɗa ba ƙarama ba ce, in ta shiga kunnen jikokin waɗanda suka bayar, damina mai zuwa a gaban sarki za ku yi ta. Na biyu, kowa ya san gidaje nawa ne a ƙasar nan kakanninsu aka kawo su bauta aka zuba su noma. Doka ta hukunta bauta tun 2003, amma har gobe ana binciken asali in an zo neman aure. Kana da ƙanne mata? Ka yi shawara da su kafin ka watsa abin da ka gano.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yaya na Magariya, maganar gonar ce ma ke hana ni barci. Amma in na yi shiru tsofaffin suka tafi, wa zai tsaya mana shaida in rigimar ta taso daga baya?

Wani da ya yi aikin Kofo, wato kwamitin kula da filaye da gonaki:
To raba abu biyun nan. Tarihi naka ne, ka tattara shi a hankali. Gona kuwa tana da hanyarta. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya, kuma akwai kwamitin ƙasa na gari, wanda mai gari ke shugabanta, da ke ba da takardar shaidar gonar gado in maƙwabtan iyaka sun tsaya.

Ko aro ce ko sara ce, kana iya ganewa ba tare da ka ta da hankalin kowa ba. Da kaka, gidanku na kai damin hatsi wani gida da ba na malami ba, ba na suruki ba? Wa ya haƙa rijiyar da ke gonar, wa ya dasa itatuwan? Wanda aka ara wa gona ba a cika barin sa ya yi waɗannan ba. Wa ya dasa gamba ko aguwar da ke kan iyaka? In kakanninku ne suka yi duk wannan, ba kuma wanda ke karɓar dami, maganar baffa ta yi ƙarfi. Ka kuma roƙi mai gari ya duba maka tsohon littafin lanho, wato haraji, a ciki ake rubuta masu gida da mutanen da ke ƙarƙashinsu.

Hajiya daga Zango:
Na manta, akwai maroƙan garinku, sun haddace jerin kakanni cikin kirari. Amma kada ka ba da kuɗi tun farko, in ba haka ba kafin la'asar sun haɗa ka da gidan sarauta. Ka fara da limami, wasu na ajiye takardun rabon gado da ajami cikin gafaka.